Reshe Goma Sha Biyar daga Itacen Ruman

Litinin. Aikin farko: ban ruwan leda goma sha biyar kafin in tafi tasha. Sannan takardar Hanifa.

Matameye, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga taubashiyata Malama Hanifa, a Bilma.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yara da ɗalibanki na koleji. Mu nan lafiya lau. Matata Basira ta yi mura mako guda, ta warke. Gwiwar Inna tana nan yadda kika bar ta, sai dai sanyi ya fara tsokanarta. Na gwada kiranki a waya sau huɗu reso, wato sabis, bai shiga ba, shi ya sa na koma takarda. Zan ba direban Zinder, ya miƙa wa na Agadas, daga can sai kamyon, wato babbar mota, da Allah ya kawo.

Labarin ba daɗi. An sare itacen ruman na Kaka Shekara. Baffa Iliyasu, wato kawunki, zai gina shago a bakin zaure, ya ce itacen ya tare masa wuri. Na yi magana, ya ce, "Hashimu, kai mai rubuta tikiti ne a tasha, ba alƙalin itatuwa ba." Na juyo gida. Kin san ni, amsa ba ta zuwa mini sai na dawo gida na cire takalmi.

Kin tuna Kaka tana cewa da sanda guda ta zo da shi daga Icirnawa ranar da aka kawo ta aure? Ke ce mai satar waɗanda suka tsage, ni ne mai shan faɗa. Da na tuna maganarta, sai na riga mai gatari. Na yanki reshe goma sha biyar, kowanne tsawon taƙi ɗaya, kaurin fensir. Na dasa su cikin leda da ƙasar fadama da ɗan takin awaki, na rubuta wa kowace leda lamba, na buɗe musu kaye sabo, wato littafin rubutu. Ranar 9 ga Oktoba ke nan. Yau goma sha uku sun fid da ganye, biyu suna tunani.

Ga abin da ya dame ni. Da safe ganyen a tsaye suke, amma da rana ta take sai su langaɓe kamar kunnen akuya. Rabi'u, ƙanen Basira, wanda ke dafa mazarƙwaila a Dungu, ya zo ya gani. Washegari ya aiko mini da bido, wato jarka, cike da ruwan wankin kaskon da suke dafa ruwan rake. Ya ce, "Yaya, a lambunmu tsofaffi ba sa zubar da wannan ruwa. Gindin lemo da gwaiba ake kai shi, shi ya sa 'ya'yan Dungu ba su da na biyu a zaƙi."

Na yi nazari kwana biyu kafin in taɓa bidon. Na tuna lokacin da 'yata Najaha tana jaririya ta yi zawo har idonta ya faɗa, ruwan gishiri da sukari aka ce mu ba ta, ta farfaɗo. In ya ta da ɗan mutum, me zai hana shi ta da ɗan itace? Sai na fara: rabin kofi ga kowace leda, sau ɗaya a kwana uku.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ni a aji huɗu na koleji na tsaya, jarrabawar birebe ta fita koleji ta kayar da ni sau biyu, kuma darasin tsirrai na cikin masu hannu a ciki. Ke kuwa shi kike koyarwa. Ki gaya mini, daidai nake yi ko kuwa? Ki amsa da motar farko.

Inna tana gaishe ki, ta ce dabinon da kika yi alkawari ko a bisa raƙumi yake ya isa ya iso.

Naki, Hashimu.

Bilma, 25 ga Nuwamba

Yaya Hashimu, sarkin kaye da biro,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso jiya, bayan kwana goma sha takwas, tana warin gazuwal, man kamyon. Muna lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi, ka ce mata dabino na hanya. Ka yi haƙuri da wannan takarda, a bayan takardar aikin wani ɗalibi na rubuta ta, kuma direban kamyon yana tsaye a ƙofar lekol, makarantarmu, yana danna mini oda.

Na ji zafin abin da Kawu ya yi, amma kada ka ta da hankalinka. Ruman ba ya mutuwa don an sare shi. Ka bar kututturen, kafin damina za ka ga ya yi toho ta ko'ina, har Kawu ya rasa hanyar shiga shagonsa. Rassanka ƙari ne kawai.

Wato har ka sa musu lamba! Ina fatan ka yanka musu tikiti.

Game da ruwan Rabi'u, na yi dariya har shugaban lekol ya leƙo. Tun da ka ce darasin nan ya kayar da kai, ga shi na dawo maka da shi kyauta. Jikin tsiro ƙananan ɗakuna ne cunkus, ido ba ya ganinsu, kowanne cike da ruwa, kowanne da 'yar fata siririya a kewaye. Wannan fata tana barin ruwa ya ratsa, amma tana tare sukari. To, duk inda ruwa biyu suka haɗu da irin wannan fata a tsakani, ruwa yakan bar gefen da zaƙi ya yi kaɗan ya nufi gefen da zaƙi ya yi yawa. Sunan abin osmoz. A taƙaice: ruwa yana bin zaƙi.

Yanzu ga tambaya, ɗalibi Hashimu. In ka zuba ruwan zaƙi a gindin tsiro, ina ruwa zai nufa? Ba zan sa maka amsa a baki ba, ko yarana ba na yi musu haka. Ka zauna da kayenka ka yi tunani, na san za ka gano kafin shayinka ya huce.

Direba zai tafi ya bar ni. A gai da Basira da Najaha.

Taubashiyarka da ta fi ka ƙwaƙwalwa, Hanifa.

Matameye, 14 ga Disamba

Malama Hanifa,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Dabino ya iso, Inna ta ƙirga shi ta ɓoye. Takardarki ta zo ranar 8 ga wata, na karanta ta a tasha a tsaye, na sake karanta ta a gida a zaune.

Da farko, batun kututture. Ban faɗa miki ba a waccan takarda, laifina ne, ina tsammanin na rubuta sai da na duba kwafin da na ajiye. Babu kututture. Baffa ya sa an tone shi har saiwa, an ƙona, an zuba siminti a wurin. Yanzu a daidai inda muke zama muna ɓare ruman, buhunan shinkafa ne a jere. Abin da ya rage na itacen Kaka a duniya shi ne abin da ke cikin ledojina.

Na biyu, tambayarki. Na zauna da kaye kamar yadda kika ce. Na rubuta: ruwa yana bin zaƙi. Na rubuta a ƙasa: ganye na langaɓewa don ruwa bai ishe shi ba. Na rubuta a ƙasa: saiwa ce bakin tsiro. Sai amsar ta fito da kanta, har na ji daɗi: in na sa zaƙi a gindin saiwa, duk ruwan da ke cikin ledar zai taru a nan, a bakin saiwa, ta sha ta ƙoshi. Wato tsofaffin Dungu sun san osmoz tun ba a gina lekol ba. Rabona da in warware tambayar malami da kaina tun ina ɗan shekara goma sha biyar.

Ruwan bido ya riga ya ƙare, kuma dama na ga kamar bai da ƙarfi. Sai na sayi mazarƙwaila a kasuwa. Curi ɗaya cikin lita biyu, na jiƙa har ya narke, kofi guda ga kowace leda, kowace safiya.

Hanifa, abin bai yi ba. Kwana na biyu ganyen ba su jira rana ba, tun da safe a langaɓe na same su. Na sa yatsa cikin ƙasa, jiƙe take sharkaf. Ta yaya tsiro zai tsaya cikin ruwa yana jin ƙishi? Kwana na huɗu bakin ganyen ya fara ƙonewa. Yau da nake rubutu lamba ɗaya, biyu, biyar, shida, sha biyu da sha huɗu sun bushe. Na kankare ɓawonsu da farce, ba kore a ciki. Saura tara, har da biyun nan masu tunani, waɗanda nake jin sun gama tunanin.

Tururuwa kuma ta yi mana sallama. Layi uku take shigowa daga bayan katanga. Basira ta tsaya a kaina jiya ina awo, ta ce, "Malam, wai dashe kake yi ko kunu kake damawa?" Na ce mata ilimi ne, daga Bilma aka aiko shi. Ta ce, "To, ilimin ya yi wa tururuwa rana."

Na duba lissafina sau uku ban ga inda na kauce ba. Ko zaƙin ne bai kai ba, ruwan bai ji kiransa ba? Na yi niyyar in ƙara rabin curi in gani. Amma in akwai ma'aunin da ya dace, don Allah ki rubuto shi da lamba, cokali kaza cikin lita kaza. Kada ki sake aiko mini da tambaya. Ni ba yaronki ba ne, kuma rassan nan ba sa jiran ƙarshen zangon karatu.

Hashimu.

Matameye, 29 ga Disamba

Hanifa,

Gaisuwa. Lafiya muke, in ban da ni da ban san sunan abin da ke damuna ba.

Kwana goma sha biyar ba amsa. Na san hanya ce, na san yashi ne, ni ma aikin mota nake. Amma duk direban Zinder da ya shigo tasha sai na bar teburina na tare shi, har sun fara ce mini "mai jiran amarya". Na kira ki sau tara. Sau ɗaya ta shiga, na ji muryarki kin ce "Yaya", sai ta yanke.

Na ƙara rabin curin. Cikin kwana biyar huɗu suka bi 'yan'uwansu. Na koma curi ɗaya, wata ta sake tafiya. Da na zare lamba bakwai in ga abin da ke ƙasa, saiwoyin da suka fito farare sun zama ruwan ƙasa, sun yi laushi, ƙasar tana tsami kamar kwanon fura da aka manta. Goma sha ɗaya ke nan.

Sannan wani abin haushi. Ranar 17 ga wata na fito da safe na ƙirga, lamba tara ba ta nan. Ba bushewa ta yi ba, ɓata ta yi, har ledar. Ita ce mai ganye shida, wadda na fi sa wa rai. Akuyar Baffa Iliyasu takan tsallako ta inda katanga ta zube, don haka na tafi shagon kai tsaye. Karon farko a rayuwata amsa ta zo mini a kan lokaci, kuma da ma ba ta zo ba. Na ce masa a gaban masu sayayya, "Baffa, kun cinye uwar, yanzu akuyarku ta cinye 'yar." Ya dube ni ya ce, "Akuyata ba ta cin leda, ɗana. Amma na ji labari kana ba itace shayi da safe. In ya fara neman burodi, ga shago." Mutane suka yi ta dariya. Tun ranar ba mu gaisa da kyau ba, Inna kuma ta ce in je in ba shi haƙuri, ban je ba.

Saura uku: lamba huɗu, goma, sha uku.

Shekaranjiya Basira tana yanka kabeji, ta barbaɗa gishiri ta ajiye. Ta kira ni ta karkata farantin ta ce, "Dubi nan. Ni ban je lekol ba, amma kabejin nan ruwa ya fitar, ba sha ya yi ba." Na ce mata gishiri daban, sukari daban, Malama zaƙi ta ce. Ta ce, "Allah ya ba Malama lafiya," ta ci gaba da aikinta. Amma maganar ta ƙi barina. Na sake ɗauko takardarki, layin nan guda na karanta shi ya fi sau arba'in. Ruwa yana bin zaƙi. Wane ruwa? Na cikin ƙasa, ko wani? Ba ki faɗa ba.

Na kasa dainawa, don kada ya zama maganin ne na yanke a tsakiya. Na kasa ci gaba da zuciya ɗaya. Sai na raba: rana ɗaya ruwan zaƙi, rana ɗaya ruwan rijiya. Na san wannan ba ilimi ba ne, tsoro ne.

Kaka ba ta san harafi ko ɗaya ba, ta soka sanda a ƙasa ya rayu shekara sittin. Ni da kaye da lamba da taubashiya malama, ga inda na kai. In kin ga dama ki amsa.

Hashimu.

Bilma, 30 ga Disamba

Yaya Hashimu,

KA DAINA ZUBA MUSU ZAƘI. YAU. KO ƊIGO.

Na sa wannan a sama kafin gaisuwa don kada ka ce ban faɗa ba. Yanzu, ina gaisuwa, ina gai da Inna da Basira. Takardarka ta 14 ga wata ta iso yau da hantsi. Na karanta ta a ƙofar aji, na kasa shiga. Na hau tudun da ake samun reso na kira ka har batir ya mutu.

Da na san an tone kututturen, wallahi da ban yi maka wasa ba. Na ɗauka rassan abin sha'awa ne kawai, kuma ruwan wankin kasko sau ɗaya a kwana uku ba zai yi kisa da sauri ba. Na yi maka malanta a inda ya kamata in yi maka 'yan'uwantaka. Wannan laifin nawa ne, na ɗauka.

Ga amsar, ba tambaya. Ruwan da nake nufi shi ne na cikin jikin tsiron. Ɗakunan saiwa suna da nasu ɗan zaƙi da ɗan gishiri a ciki, fiye da ruwan rijiya. Shi ya sa in ka yi ban ruwa, ruwan ke ratsa fatar ya shiga, ɗakunan su cika su yi tauri kamar salka, ganye ya miƙe. Ranar da ka narka curi cikin lita biyu, waje ya fi ciki zaƙi. Sai ruwan ya juya. Ya fita daga saiwa ya koma ƙasa, ɗakunan suka motse, kowanne ya janye daga bangonsa. Kana ba su ruwa da hannun dama, sukari na tatse su da na hagu. Shi ya sa ƙasa ke jiƙe tsiro na jin ƙishi. Mu nan Bilma kullum muna gani, gishiri ke yi mana: lambun da ruwansa ya yi kanwa, ko ka kwana kana ban ruwa, ƙonewa yake.

Na Najaha daban ne. Hanjin mutum yana da hanyar jan sukari da gishiri ciki, ruwa ya bi su, kuma ɗan kaɗan ake sawa bisa ma'auni. Saiwa ba hanji ba ce. Tsofaffin Dungu kuwa a gindin manyan itatuwa suke zuba ruwan wanki, ban ruwan lambu ya bi ya salance shi. Itacen ya tsira ne duk da ruwan, ba don shi ba. Langaɓewar farko ma ba ciwo ba ce, saiwa ce ba ta yi yawa ba tukuna. Inuwa kawai suke so.

Abin yi: ka huda gindin kowace leda da kyau. Ka zuba ruwan rijiya a hankali, lita uku ko huɗu, ya ratsa ya fita. Ka maimaita washegari. Wadda ƙasarta ta yi tsami, ka sauya mata da yashi mai tsabta. Ka kai su inuwa. Sannan ka cire hannunka.

Na san kai, ba za ka yarda ba sai ka auna. Ka sayi dankalin turawa, ka yanka sanda uku, kowace santimita biyar. Ɗaya cikin ruwan rijiya, ɗaya cikin ruwa mai ɗan zaƙi, ɗaya cikin irin haɗinka. Ka bar su daga safe zuwa la'asar, ka auna.

Ka rubuto mini nawa suka rage. Ko ɗaya ce, ta isa. Kaka ma da ɗaya ta zo.

Hanifa.

Matameye, 21 ga Janairu

Taubashiyata Hanifa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi har ta je suna da ƙafarta. Takardunmu sun yi saɓani a hanya: taki ta iso ranar 11 ga wata, tawa mai zafi kuma ina jin tana hannunki yanzu. Ki yafe abin da ke cikinta. Rabinsa da kaina nake.

Na yi yadda kika ce a ranar, ban ko cire rigar tasha ba. Na huda, na wanke, na sauya ƙasa, na kai inuwar ɗakin girki. Lamba huɗu da sha uku ba su jira ba, dama sun riga sun tafi, ni ne ban yarda ba. Lamba goma ta riƙe ganye ɗaya kwana biyar. Ranar Talata ya faɗi. Na kankare ɓawon, busasshe.

Na yi awon dankali, da regil ɗin Najaha, wato rularta ta awo. Na ruwan rijiya ya zama biyar da ƙananan layi uku, ya yi tauri, da na lanƙwasa shi sai ya karye ƙas. Na tsakiya bai motsa ba sosai. Na cikin haɗina ya koma huɗu da layi shida, ya yi laushi, na naɗe shi a yatsa kamar zobe. Na zauna ina kallonsa. Da na yi wannan a Nuwamba, da dankali guda na kashe. Basira ta leƙa kofin ta wuce abinta. Da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Ranar Laraba na ja layi a ƙarƙashin shafin ƙarshe, na rubuta: goma sha huɗu sun mutu, ɗaya ta ɓata. Na tara ledojin zan kai juji. Sai Basira ta ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ta ce, "Ka gama da gaske, ba sauran awo, ba sauran curi?" Na ce ko mazarƙwaila aka ba ni sadaka ba na so. Ta ce, "To, zo."

Ta kai ni ɗakin Inna, bayan randa, inda ɗigon ruwa ke jiƙa yashi, haske kuma na shigowa ta taga. Ga wani tsohon gwangwanin madara, ga reshe a ciki. A jikin gwangwanin an ɗaure guntun leda da zare, da rubutuna a kai: 9.

Ita ta ɗauke ta, tun ranar 17 ga Disamba, ina masallaci. Ta zare ta, ta wanke saiwar a kwano kamar mai wanke zogale, ta sa ta cikin yashi. Inna ce mai gadi. Wata guda suna kallona ina zagin akuya.

Na ce, "Me ya hana ki gaya mini?" Ta ce, "Na gaya maka da kabeji, ka ce Malama. In na nuna maka wurin, da ka bi ta da kofinka." Inna tana kan gado ta ce, "Itacen uwar mijina ne, ban ga dalilin da zan bari a kashe shi da ilimi ba."

Tsofaffin ganye shida duk sun zube. Amma akwai sababbi huɗu, jajaye, ƙanana kamar kunnen ɓera, a tsaye suke har da azahar. Na tambaya ko zan iya auna su. Aka ce a'a.

Ban san abin da zan rubuta a kaye ba. Na goge "ta ɓata", ban sa komai a wurin ba tukuna. In kin zo hutu za ki gan ta, in Allah ya raya ta ya kuma tsare ta daga gare ni. Basira ta ce in gaya miki, in za ki sake aiko da darasi, ki aiko mata kai tsaye, Najaha za ta karanta mata.

Direba na jira. Ga abin da ya rage mini na gobe, na kwafe miki daga kaye don ki san ban zauna ba:

Zuwa shagon Baffa Iliyasu, ban haƙuri. A gaban mutane, tun da a gabansu na yi. Har da akuya.

Mayar wa Rabi'u bidonsa. In faɗa masa, ko kada in faɗa? Ban yanke ba.

Sauran curi biyu da rabi: a ba Inna ta sha koko.

Toka a bayan katanga, saboda tururuwa.

Gyara inda katanga ta zube, kafin akuyar ta yi abin da na ce ta yi.

Neman wurin dashe kafin damina, nesa da zaure, nesa da duk inda mutum zai so gina shago.

Lamba tara: ba aikina ba ne. Leƙawa sau ɗaya, daga bakin ƙofa, hannu a aljihu.

Naki, Hashimu.